Jagora kan Raɗaɗin Ciwo: Yadda Yake Tasowa, Yadda Ake Auna Shi da Yadda Ake Kwantar da Shi

Da yawa daga cikin masu bin layin ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko a asibitocin Kumo da Bajoga da Billiri, abu guda ne ya fito da su daga gida, wato wani wuri a jikinsu yana yi musu ciwo. Sai dai kafin su iso, galibi ɗayan abu biyu ya riga ya faru. Ko dai sun yi ta daurewa har abin ya yi nisa, ko kuwa sun yi ta shan haɗin ƙwayoyin kemis har alamun da likita zai dogara da su sun rikice, wani lokaci ma ciki ko ƙoda ta taɓu. Tsakanin waɗannan biyun akwai hanyar da ma'aikatan lafiya ke bi, kuma babu abin da zai hana marar lafiya da mai jinyarsa su san ta, domin rabin aikin a hannunsu yake tun kafin a shiga ɗakin likita.

Mataki na farko: sanin hanyar da raɗaɗi ke bi

A cikin fata, da tsoka, da gaɓoɓi, da tantanin da ya lulluɓe ƙashi, da kayan ciki, akwai bakunan wasu ƙananan jijiyoyi masu ɗaukar saƙo, waɗanda aikinsu shi ne gano abin da zai iya yi wa jiki lahani, irin su zafin wuta, da sanyi mai tsanani, da matsi, da yanka. Da zarar an taɓo su sai saƙo ya tashi ya nufi lakar da ke cikin ƙashin baya, daga nan ya haura ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin iri biyu ne: masu rufin kitse, waɗanda saƙo ke gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa guda a cikinsu, da kuma sirara marasa rufi, waɗanda gudunsu bai wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Shi ya sa manomin da ya sari ƙafarsa da fartanya yake fara jin suka mai kaifi nan take, sa'annan bayan ɗan lokaci zugi ya biyo baya ya zauna. Fizge ƙafar da ya yi kuwa laka ce ta ba da umarninsa tun kafin labari ya isa ƙwaƙwalwa.

A wurin da aka ji rauni, nama yakan saki sinadarai, ciki har da wanda ake kira furostagilandin, waɗanda ke sa bakunan jijiyoyin su riƙa kamawa da abu kaɗan, har ya zamana mai karkare ba ya son ko gefen riga ya gogi yatsansa. A shekarar 1971 wani masani a Landan mai suna John Vane ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera wannan sinadari. Ya kamata a riƙe wannan bayani da kyau, domin sinadarin nan shi ne kuma yake kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, yake kuma taimaka wa jini ya ratsa ƙoda. Saboda haka amfanin asfirin da danginsa, irin su ibufurofen da dikilofenak, da kuma illarsu duk daga tushe ɗaya suke.

Laka ba miƙa saƙo kawai take yi ba, tana tace shi. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka fito da bayanin cewa a cikin laka akwai wata ƙofa da ke iya buɗewa ko rufewa a gaban saƙon ciwo. Saƙon taɓawa da shafawa yana rage buɗewarta, kuma wannan ne dalilin da ya sa yaron da ya buge goshi yake samun sassauci idan mahaifiyarsa ta mulmula masa wurin. Ƙwaƙwalwa ma tana turo nata umarnin daga sama, inda tsoro da damuwa da rashin barci ke wangale ƙofar, kwanciyar hankali da shagala da wani abu kuma su sa ta tsuke. Bayan shekara goma, a 1975, aka gano cewa jiki yana ƙera wasu sinadarai nasa na kansa masu aiki irin na mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Tun kafin nan wani likitan Amurka, Henry Beecher, wanda ya yi aiki a fagen Yaƙin Duniya na Biyu a Italiya, ya wallafa a 1946 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sojojin da ya tambaya, masu munanan raunuka, sun ce ba su buƙatar maganin kashe zafi a lokacin.

Abin da za a ɗauka daga nan shi ne girman rauni ba shi ne ma'aunin raɗaɗi ba. Ƙungiyar nazarin raɗaɗi ta duniya, a ma'anar da ta sabunta a 2020, ta bayyana shi a matsayin abin da jiki da zuciya ke ji tare, wanda ka iya zuwa da rauni na zahiri, ko da barazanar rauni, ko ma da abin da ya yi kama da haka alhali ba a ga raunin ba. Rashin jin ciwo kuma ba koyaushe yake nufin lafiya ba. Mai kuturta da wanda ciwon suga ya lalata wa jijiyoyin ƙafa sukan taka ƙusa ko garwashi ba su sani ba, har wurin ya zama gyambo, don haka ake umartar su da duba tafin ƙafarsu kullum da ido.

Mataki na biyu: tabbatar da cewa ba na gaggawa ba ne

Kafin a yi zancen magani, a fara tambayar ko wannan ciwon yana cikin waɗanda ba a kwana da su a gida. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke yaɗuwa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi da ƙarancin numfashi, yana iya zama bugun zuciya, ko da mai shi ya rantse cewa olsa ce. Ciwon kai da ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba na asibiti ne, haka ma wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin da sanƙarau ke yawo a wannan yanki. Macen da ta yi ɓatan wata sa'annan ta ji ciwon mara mai tsanani a gefe guda, da jiri ko ɗigon jini, tana iya kasancewa da ciki a wajen mahaifa, mai tsohon ciki kuma da ke fama da ciwon kai da dishi-dishin gani tana iya kasancewa a bakin jijjiga. Ciwon ciki da ya fara a cibiya ya gangara ƙasa ta dama, ko cikin da ya yi tauri ba ya son taɓi, aikin likitan tiyata ne. Yaro ko saurayi da maraina suka kama shi da ciwo kwatsam yana da kimanin awa shida kafin abin ya lalace, kuma kunya ce ta fi cinye waɗannan awannin. Ciwon baya da ya haɗu da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari shi ma ba ya jira.

Abu biyu sun fi shafar mutanenmu. Na farko ɗori: idan an ɗaure karaya, a wurin maɗori ne ko a asibiti, sai ciwon ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, to ɗaurin ya tare jini, kuma a kwance shi a nufi asibiti a wannan sa'ar, domin ta haka yara da dama suka rasa hannu. Na biyu saran maciji. Dafin kububuwa, wadda ta yi yawa a ƙasashen Kaltungo da Billiri da Balanga, yana hana jini daskarewa, don haka ba a ba wanda ta sara asfirin ko ibufurofen ko dikilofenak, domin za su ƙara masa zubar jini. Farasitamol ne ya halatta, sa'annan a garzaya da shi asibitin saran maciji na Kaltungo ko asibiti mafi kusa, ba tare da tsaga wurin ko ɗaure shi tamau ba.

Mataki na uku: bayyana ciwon yadda ya kamata

Babu na'urar da ke nuna raɗaɗi kamar yadda ake ganin awon hawan jini, saboda haka maganar marar lafiya ita ce hujja ta farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce tarbiyyarmu ta ɗauki raki abin kunya. Saurayin da ake zuba wa bulala a filin sharo yana murmushi ba wai bai ji ba ne, an hore shi ne kada ya nuna, haka ita ma mai haihuwar fari da ke cije leɓe a ɗakin haihuwa don kada a yi da ita. Dauriya hali ne mai kyau a wurinta, amma a gaban likita ɓoye shaida ce, kuma wanda ya ɓoye shi ne zai koma gida da maganin da bai kai ciwonsa ba.

Mai jinya ya san cewa gaisuwa ba tambaya ba ce. Idan ɗa ya ce wa mahaifinsa, "Baba, yaya ƙarfin jikin?", amsar da zai samu ita ce "Da sauƙi, alhamdulillahi," ko da dattijon ya kwana yana juyi. Sai ya sake lale ya ce, "Baba, jiya da dare kun samu barci?" A nan ne zai ji cewa a zaune aka kwana an jingina da bango. Ya ƙara da cewa, "Sallar asuba a tsaye kuka yi ta ko a zaune?", sa'annan, "Ku nuna mini wurin da yatsa ɗaya." Tambayar da ke neman aiki da wuri da lokaci tana fito da abin da tambayar lafiya ba ta fitarwa, kuma ba ta tilasta wa babba ya yi ƙorafi a gaban ɗansa.

Abubuwan da likita zai so ji su ne inda ciwon yake da inda yake yaɗuwa, da ranar da ya fara da yadda ya fara, a hankali ko kwatsam, da ko yana zuwa yana tafiya ne ko zaune yake, da abin da ke tayar da shi da abin da ke lafar da shi, kamar cin abinci, yunwa, tari, tafiya ko kwanciya, da abin da ke rakiyarsa, kamar zazzaɓi, amai, rama ko gumin dare. A faɗi kuma duk abin da aka riga aka sha, na kemis da na gargajiya, kuma ya fi kyau a zo da kwalayen a leda.

Yanayin ciwon shi ne ya fi nuna asalinsa. Ciwon tsoka da ƙashi da gaɓa yakan zo da zugi ko tsami, ana iya nuna wurinsa, kuma motsi na ƙara shi. Ciwon kayan ciki yakan zo da murɗa ko ƙullewa, ba shi da takamaiman wuri, wani lokaci ma a wani waje dabam ake jin sa, kamar yadda ciwon matsarmama ke bayyana a kafaɗar dama, saboda jijiyoyin wuraren biyu suna shiga laka a mataki ɗaya. Idan kuwa jijiyar saƙon ce da kanta ta lalace, kamar a ciwon suga, ko bayan yanke gaɓa, ko inda faifan ƙashin baya ya danne ta, mai ciwon zai ce yana jin ƙuna, ko jan lantarki, ko tsirar allura, ko tafiyar kiyashi. Wannan nau'i na uku ba ya cika jin farasitamol da ibufurofen, kuma mutane da yawa sun ɓata shekaru da kuɗi suna sha saboda ba wanda ya tambaye su yadda ciwon yake.

Mataki na huɗu: sa masa lamba

Awon da aka fi amfani da shi ga babba shi ne a ce ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma mafi tsananin da zai iya tunani. Daga 1 zuwa 3 ana ɗaukarsa mai sauƙi, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. A tambaya sau biyu, yana kwance da kuma lokacin da ya motsa ko ya yi tari, domin wanda aka yi wa tiyata yana iya cewa 2 a kwance alhali 8 ne idan zai tashi. Ga wanda lissafin bai zauna masa ba, ana amfani da hannu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsu biyar a buɗe ciwo ya kai matuƙa, sai ya ɗaga adadin da ya dace. Yara daga wajen shekara uku zuwa huɗu ana nuna musu jerin zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, su nuna wadda ta yi daidai da abin da suke ji.

Jariri da wanda ba ya iya magana kuwa kallonsu ake yi. Wani ma'auni da aka fitar a Amurka a 1997 yana duba abu biyar: yamutsewar fuska, yadda ƙafafu suke, motsin jiki, irin kukan, da ko rarrashi na aiki, kowanne a ba shi maki 0 zuwa 2, jimla 10. A nan a kiyaye da yaron da ya yi lamo, ya daina wasa da tsotso, domin ciwon da ya daɗe yakan kashe kuka. Tsohon da ya ruɗe shi ma sau da yawa ƙin abinci da faɗa idan an juya shi su ne kaɗai alamarsa.

Lambar mutum ba a gwada ta da ta wani. Amfaninta shi ne a gwada ta da tasa ta jiya, ko ta kafin shan magani.

Mataki na biyar: abin da ake yi ba da ƙwaya ba

Targaɗe da buguwa suna son sanyi a kwana biyun farko, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a kuma ɗaga gaɓar. Tsamin tsoka da ciwon mara na al'ada sun fi son ɗumi. Ƙuna ana sa ta a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba baƙin mai ba. Jaririn da ake yi wa allurar rigakafi a sa shi a nono a lokacin, domin an tabbatar hakan na rage masa zafi. Ciwon baya na yau da kullum yakan lafa cikin mako shida, kuma ci gaba da motsi daidai gwargwado ya fi kwanciya. Yi wa marar lafiya bayanin abin da ke damunsa da abin da za a yi masa shi ma magani ne, tunda tsoro na ƙara ciwo.

Mataki na shida: magani, daga ƙasa zuwa sama

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku domin masu ciwon daji, wanda daga baya aka riƙa aro shi ga wasu cututtukan. Ƙa'idojinsa su ne a ba da magani ta baki muddin mutum na iya haɗiya, a ba da shi a kan lokaci ba sai ciwo ya dawo ba, a kuma zaɓi hawan da ya dace da tsananin ciwon. Ƙa'idar farko ta ci karo da imanin da ya yi ƙarfi a wurinmu cewa allura ta fi ƙwaya. Ga yawancin ciwo ba ta fi ba, kuma allurar dikilofenak da ake yi a shagon kemis tana ɗauke da illar ƙwayar, ga kuma haɗarin ƙurji da taɓa jijiyar ƙafa.

Hawan farko shi ne farasitamol, wanda shi ne ke cikin Panadol, da dangin asfirin. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakanin sha da sha aƙalla awa huɗu, kada ya wuce ƙwaya takwas, wato giram 4, a awa 24. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da mai shan barasa, nasu ya gaza haka, sai likita ya ƙayyade. Haɗarinsa shi ne wanda ya zarce ƙima ba ya ganin komai a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta nuna, kuma magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki, don haka mutum kan ninka ba da sani ba. Na yaro da nauyi ake lissafa shi, miligiram 15 a kowane kilo, bai wuce sau huɗu a yini da kwana ba. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150, wato kusan mililita 6 na ruwan maganin da ke da miligiram 120 a mililita 5, kuma da murfin awo ko sirinji ake aunawa, ba da cokalin shayi ba.

Ibufurofen da dikilofenak sun fi tasiri inda akwai kumburi, kamar ciwon haƙori da na gaɓa da na al'ada. Ibufurofen ana shan miligiram 200 zuwa 400 bayan cin abinci, kada a wuce 1,200 a rana sai da izinin likita, kuma na 'yan kwanaki ne. Ana iya haɗa shi da farasitamol, amma ba a haɗa biyu daga dangin asfirin, kuma a san cewa garin Alabukun asfirin ne da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin kofi. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da tsoho, da mai juna biyu, musamman daga tsakiyar ciki zuwa sama, su nisance su sai da umarnin likita, ba a kuma ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Wanda ya yini a gonar shinkafa a Dadin Kowa cikin zafin watan Afrilu, jikinsa ya bushe, sa'annan ya sha dikilofenak da yamma don gajiya, kullum haka, ƙodarsa yake ci. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta ko aman jini alama ce ta a daina nan take a tafi asibiti.

Wannan ne ya sa haɗin da ake ƙullawa a leda ya fi komai muni a ganina. Mai sha bai san sunan ko ɗaya ba, sau da yawa akwai dangin asfirin biyu a ciki, wani lokaci da dekzametason, wanda ke sa mutum ya ji garau na ɗan lokaci, amma idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi.

Hawa na biyu shi ne kodin da tiramadol, na uku kuma mofin da danginsa, kuma dukkansu sai da takardar likita. Tiramadol da hukumar NAFDAC ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da 100, iyakarsa 400 a rana, kuma wuce haka na jawo farfaɗiya. Masu 200 da 225 da ake kamawa a hannun 'yan fasa-ƙwauri ba na jinya ba ne. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta ƙera da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramadol.

Sai dai tsoron maye ya haifar da wani zaluncin, inda ake barin mai ciwon daji yana kwana yana nishi saboda dangi sun ji an ambaci mofin sun ɗauka sallama ce. Mofin na sha, idan likita ya ƙayyade shi, ana ba da shi duk awa huɗu, ana ƙarawa a hankali har ciwo ya kwanta, kuma mutum na iya yin watanni a kansa yana cin abinci yana hira da iyalinsa. Kusan kowa yana samun taurin bayan gida, don haka ake haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko, tashin zuciya da gyangyaɗi kuma sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Alamar ya yi yawa ita ce mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya ja baya sosai, ƙwayar idonsa ta tsuke. Wannan na gaggawa ne, kuma akwai allurar naloksan da ke warware shi. A kulle maganin inda yara da matasa ba za su kai ba, kada a ba wani, kada kuma a yanke shi rana ɗaya bayan an daɗe ana sha.

Ciwon lalacewar jijiya nasa magungunan dabam ne, irin su amitiriftilin, wanda ake sha kaɗan da dare, da gabafentin. Asalinsu na damuwa da na farfaɗiya ne, don haka kada wanda aka rubuta wa ya ɗauka an mayar da shi mai taɓin hankali, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu.

Mataki na bakwai: amosanin jini da ciwon da ya ƙi tafiya

An ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu amosanin jini a Najeriya duk shekara, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ake nufi da a ƙi yarda da ciwon mutum. Idan ciwon ya taso, ƙwayoyin jini ne suka toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma sanyin hunturu, da bushewar jiki a bazara, da zazzaɓin cizon sauro duk suna tayar da shi. A gida ana fara da ruwa mai yawa, da ɗumi, ba ƙanƙara ba, da farasitamol, a ƙara da ibufurofen idan likitansa ya yarda. Idan bai lafa ba, ko aka ga zazzaɓi, ciwon ƙirji, wahalar numfashi, ɗashewa, mutuwar ɓarin jiki, ko miƙewar gaba da ta kai awa biyu, sai asibiti, inda ƙa'idar da ake son cimma ita ce a ba shi magani mai ƙarfi cikin minti 30 da isowarsa. Allurar fentazosin da wasu ke koya yi wa kansu a gida tana kama mutum, tana kuma sandarar da tsoka ta bar gyambon da ba ya warkewa. Wanda ciwon ke yawan tasar masa ya tambayi likita game da maganin haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin.

Ciwon da ya wuce wata uku ana kiransa mai naci, kuma a nan lissafi yakan canza, domin jijiyoyi da laka sun saba da kai saƙo har suna kai shi da abu kaɗan ko bayan raunin ya warke. Ƙara ƙwaya ba ya cika warware wannan, wani lokaci ma shi ke riƙe shi, kamar ciwon kan da ke samun wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata. Abin da ya fi aiki shi ne motsa jiki da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar sashen gashin ƙashi, da gyara barci, da rage ƙiba ga mai ciwon gwiwa, da magance damuwa idan akwai, da rarraba aiki don kada a ƙure jiki ranar da aka ji dama a kwanta kwana uku. Burin da ake sawa a nan na aiki ne: ya iya ruku'u da sujada, ta iya zaman tsintar shinkafa, ya iya hawa babur zuwa kasuwa, ko da lambar ba ta koma sifili ba.

Mataki na takwas: sake awo da rubutawa

Bayan an ba da magani a sake tambayar lambar, kimanin awa guda idan na sha ne, minti 15 zuwa 30 idan ta jijiya aka ba da shi. A samu littafi a riƙa rubuta rana, da lokaci, da lamba kafin sha da bayan sha, da sunan magani da adadinsa, da ko an yi barci, da duk wata illa da aka gani. Idan lambar ba ta sauka ba bayan an sha yadda aka ce, ko ciwon ya canza wuri ko yanayi, ko maganin da aka saya da kai ya kai kwana uku bai yi aiki ba, kada a ninka adadin, a ɗauki littafin da kwalayen maganin a koma wurin likita.